Wa Zai Ƙirga Mini Jiniya?

Litinin, 3 ga Nuwamba

Nives ta zo da hantsi, ta koma da jirgin ruwa na ƙarfe huɗu. 'Yata ce, a ɗakin nan na haife ta, amma yau sai ka ce mai gidan haya ta zo duba kayanta. Ta sauka sito ta shafa bango inda ruwan tekun da ya shigo watan jiya ya bar zanensa, ta zagaya sabon injin wankin da ta saya a madadin wanda gishiri ya cinye, sannan ta hauro ta zauna a gabana.

"Mama, saura sau ɗaya. In ruwa ya sake zuwa bai tarar da allon ƙarfen tare shi a ƙofa ba, kin dawo wurina Mestre ke nan. Ba faɗa, ba kuka."

Na ce mata to. Me zan ce? Mestre. Hawa na tara, a kan tudu, motoci na gudu a ƙarƙashinka. Shekara saba'in da huɗu ina Venis, ban taɓa kwana uku a jere inda babu warin ruwa ba.

Wancan karon ce mata na yi na tafi kasuwa ne na manta. Bari in faɗa a nan tunda takarda ba ta da baki: ina cikin gida ina ɓare wake, jiniyar gargaɗin ruwa ce ban ji ba. Kunnen dama ya mutu tun bara. Na hagu yana da sauran rai, in mutum yana gabana ina kallon bakinsa. Jiniyar kuwa sai ta yi dogon kukanta, sannan wani siririn amo ya biyo baya, shi ake ƙirgawa. Ɗaya, ruwa zai lashi bakin ƙofarmu. Biyu, idon sawu. Uku, zai kusa bakin allo. Huɗu, ya tsallake allon ke nan, sai a ɗaga komai sama. Kowa a lungun nan ƙirgawa yake yi ko da cokali a bakinsa. Ni daga kukan har amon babu wanda ke isowa gare ni.

In Nives ta sani, ko sau ɗayan ba za ta jira ba.

Gobe baƙuwa za ta sauka a ɗakin sama. Wannan ma dabarar Nives ce, wai gidan ya riƙa ciyar da kansa.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ta iso. Delfina sunanta, daga Ajantina. Za ta yi shekara arba'in, doguwa, ga dariya ba dalili. Kakanta ɗan garin nan ne da ya tafi tun yana saurayi, shi ya sa take jin yarenmu, amma irin na tsofaffin da suka daɗe a kabari. Kwana goma sha takwas za ta yi.

Tun daga taga na gane ta. Ta tsaya cak a tsakiyar gada da akwati kamar firiji tana ɗaukar hoton ruwa, mutum shida a bayanta suna cizon leɓe. Baƙo ko da ido makaho ne.

Na zaunar da ita na karanta mata karatun. A lungu ki bi dama. Kan gada ba wurin tsayawa ba ne, balle a zauna a ci burodi. Shara ba a ajiye ta a waje, mai kwasa yana zuwa da safe ya danna ƙararrawa, ki sauko ki miƙa masa hannu da hannu. In mai amalanke ya yi ihu a bayanki, ki manne da bango, kada ki tsaya waiwaye.

Ta ce, "Jiniyar ruwa fa, Sinyora Fosca? An ce mini akwai..."

Na katse ta. Na ce ke da kike can sama me ya haɗa ki da jiniya, wannan aikin 'yan gari ne.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Karatun jiya ta bayan kunnenta ya bi. Tun da yamma ta sauke ledar shara ta jingine a ƙofa. Da gari ya waye tsuntsayen teku, fararen ɓarayin nan, sun farke ta sun watsa ɓawon lemo da ƙashin kifi har ƙofar Elide.

Elide. Tagarta na kallon tawa, shekara arba'in igiyar shanya ɗaya muke ja tsakaninmu. Tun watan takwas da aka fara saukar da baƙi a gidan nan ta daina gaishe ni, wai na sayar da unguwa. Ta buɗe taga ina tsugune ina shara.

"Fosca, otal ɗinki ya yi amai!"

Wannan kam na gani a bakinta sarai. Na ce ta sauko ta lashe tunda idonta ba ya barin ƙofata.

Na rama, amma raina bai yi sanyi ba. Dā ita ce ke turo taga ta ƙwala mini, "Biyu ne, Fosca!" tana ɗaga yatsu don tsokana, wai ni mai nauyin jiki ce. Da yatsun nan na ci daminar bara ba wanda ya gane. Yanzu ko gidana zai nutse ba za ta ɗaga labule ba.

Delfina ta sauko tana ba da haƙuri har da hawaye. Na miƙa mata tsintsiya.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ruwa lafiya. Iska daga arewa take, Allah ya zaunar da ita can.

Jumma'a, 7 ga Nuwamba

Ban so rubuta wannan ba.

Na tafi da Delfina kasuwar kifi don kada ta jawo mini wani abin kunyar ita kaɗai. Duk da haka sai da ta jawo. A kwalekwalen da ke tsallakar da mu babban mashigi kowa na tsaye kamar yadda aka saba, ita ta nemi wuri ta zauna ta rungume jaka. Matuƙin ya ce, "Sinyora, a kawo miki matashi ne?" A kasuwa ta kai yatsa za ta latsa kifi, na buge hannun. Ba a taɓawa, nunawa ake yi. Bayan mun ci abinci kuma ta nemi kofi da madara, abin da sai da safe ake sha, da rana tsaka, mai shagon ya kalle ni kamar ni na haife ta.

Duk wannan ba komai ba ne. A hanyar dawowa, cikin siririn lungun da ke bayan coci, ina gaba tana baya. Sai kawai na ji an fizgo ni ta kwalar riga an haɗa ni da bango. Amalanke ne cike da akwatunan lemo ya wuce ta inda nake tsaye, har ya shafi takalmina. Mai turawa ya juyo fuska jawur.

"Ku baƙin nan kun ishe mu! Sau uku ina ihu!"

Ni. Ni ce baƙuwar. Ita kuwa tun ihun farko ta manne da bango yadda na koya mata.

Na ce tunani nake yi. Ta ce, "Haka ne, Sinyora," ta karɓi kwandon daga hannuna. Har muka iso gida ba ta yi dariyar nan tata ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Nives ta bugo. A aljihun riga nake ajiye wayar don in ji motsinta a cinya. Na manna ta a kunnen hagu ina "i, i, haka ne," Allah kaɗai ya san abin da na amince da shi. Na dai tsinci "iska" da "allo" da "kin ji ko, Mama." Na ce na ji.

Iska ta juya kudu da la'asar. Ɗumi-ɗumi, mai danƙo, gishiri a kwano ya dunƙule. Gwiwata ta fara ba da labari. Wata ma yana cika. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san abin da ke biyo bayan waɗannan ukun.

Dabarata yanzu biyu ce. Matakalar da ke gangarawa cikin ruwa a ƙarshen lungu, ina ƙirga nawa suka nutse. Sai ƙofar Elide, in ta zura allonta in zura nawa. Allon ba abin da za a bari a ƙofa kullum ba ne, ya kai gwiwa, baƙuwa za ta karya ƙafa a kansa, Nives kuma za ta tambayi dalili.

Talata, 11 ga Nuwamba

Ranar Waliyyi Martino. Yara sun cika lungu da tukwane da ludaya suna bugawa suna neman alawa. Na tsaya a ƙofa da kwanon alawar. Ina ganin ludayi na sauka a kan tukunya, abin da ke zuwa mini kamar ana daka a wata unguwa.

Delfina ta toshe kunnuwa biyu tana yamutsa fuska. Sai ta juyo ta ga ni ko gezau. Ta daɗe tana kallona. Na ce mu mun saba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

An yi jiniya yau, ban san ƙarfe nawa ba. Ina wanke kofi na ɗaga kai na ga Elide ta duƙa tana ɗaure allonta. Ban san yadda na sauka benen ba. Na jawo nawa allon, ƙusar ɗaurinsa ta faɗi sau biyu kafin ta shiga.

Ta miƙe tana goge hannu a zane. "Tun yaushe Fosca 'yar gidan Ballarin ta koma sai ta ga an yi take yi?"

Na ce ina jiran in ga ko kin tuna yadda ake yi ne.

Ɗaya ne ashe. Ruwa ya zo ya lashi allo ya koma kafin azahar. Na hau sama na zauna a bakin gado.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Elide ta tafi Padova wurin ɗanta, za a yi mata aikin ido. Kwana huɗu ko biyar. Ta zura allonta ta ɗaure ta bar shi haka nan, ta ja akwati ta wuce ko kallon tagata ba ta yi ba. Yanzu ƙofarta kullum cewa take yi ruwa na zuwa, ba ta da amfani a gare ni.

Saura matakala.

Jumma'a, 14 ga Nuwamba

Iskar kudu ba ta tsaya ba. Ma'aikata sun jera dogayen bencinan katako a babban titi, waɗanda ake bi ta kai in ruwa ya hau. A allon sanarwa na tashar jirgi sun rubuta gobe kaɗan ne zai tashi. Sun taɓa rubuta kaɗan muka kwashe kwana uku muna yashe laka.

Yau sau tara na je duba matakala. Kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Na yi tunanin in zura allon tun yanzu in huta, sai na tuna Nives ta ce za ta iya leƙowa da yamma. Ba ta zo ba. Zan zura shi da sassafe, zan tashi ƙarfe biyar.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Ban tashi ba.

Girgiza ni aka yi. Na buɗe ido na ga Delfina a kaina da rigar barci, gashi a tsaye, bakinta na motsi da sauri. Gari ya yi haske. Agogo ya ce bakwai saura kwata. Ƙofata ba na kulle ta, Nives ce ta hana tun da mijina Alvise ya rasu.

Na ce ta yi a hankali, ta kalle ni. Ta ce wani abu ya yi kuka a gari, ta ɗauka gobara ce, ta buga ƙofa ta buga har hannunta ya yi zafi. Kusan rabin awa ke nan.

Na riƙe hannunta. "Sau nawa?"

"Me?"

"Bayan kukan. Amon da ke hawa. Sau nawa?"

Ba ta ƙirga ba. Wa ya gaya mata ana ƙirgawa? Ni ce na ce ba ruwanta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na juya mata kunnen hagu na ce ta sa bakinta a nan ta rera mini yadda ta ji, da ƙarfi. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta rera, ina jin hucin bakinta a kunnena, amon can nesa. Uku. Na ce ta sake. Ta rufe ido ta sake, tana ɗaga tafin hannu mataki-mataki. Huɗu.

"Uku ko huɗu, 'yar nan?"

"Ban sani ba, Sinyora! Ina jin na ƙarshen ya yi sama sosai, kamar zai tsinke."

Uku, allo ya isa. Huɗu, sai an ɗaga injin Nives, ni kuwa ko kwandon kifi yanzu nauyi yake mini. Na leƙa taga. Ramukan magudana a tsakiyar lungu sun fara tofar da ruwa, ga shi da sauran kusan awa uku kafin cikarsa. Na ce huɗu ne. Sa takalmin Alvise ki biyo ni.

Allo da farko. Sannan na kashe wutar lantarkin ƙasa. Muka kwashe zannuwan gado, da buhun gari, da kwalaben tumatir, tana hawa tana sauka ina miƙa mata. Sai injin. Yana kan bulo biyu, sai ya koma kan biyar. Ta karkata shi da kafaɗa ina cusa bulo, mu koma ɗaya gefen, mu sake. A na huɗu ya zame ya danne mini yatsa. Ban yi ihu ba, ita ce ta yi. Tana ta magana, na ce kada ta ɓata bakinta in ba ina kallonta ba, ta taɓa ni kawai. Daga nan taɓa ni take yi: kafaɗa, tura, hannu, tsaya.

Muna sa bulo na ƙarshe ruwa na tsattsafowa ta tsakanin duwatsun daɓe, sanyi kamar ƙanƙara.

Muka zauna a matakala ta biyar muna kallo. Ƙarfe tara da rabi ya kai bakin allo. Ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya zubo ta sama. Huɗu ne. Ya hau bulo ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na ƙura wa injin ido. A rabin na biyar ya tsaya, ya daɗe a nan, sannan aka fara ganin jiƙaƙƙen zane a bango sama da shi.

Delfina ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Ni na miƙe na hau sama.

Na dafa mana kofi. Ta zuba wa nata madara, ban ce komai ba, safiya ce.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Nives ta zo da dogon takalmin roba. Jiya ta bugo sau bakwai, wayar na kan tebur. Na ce muna ƙasa muna aiki, wannan kam gaskiya ne.

Ta ga allo, ta ga injin a kan bulo biyar a bushe, ta ga zannuwa a sama. Ta rungume ni. "Kai, Mama! Masu sanarwa ma sun yi kuskure, ke ba ki yi ba. Na janye maganata, ki yafe mini."

Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Delfina na tsaye da bokiti. Nives ta ce mata, "Kin ga 'yan Venis na asali ko? Kafin jiniya ta gama sun san abin yi." Na kafa wa Delfina ido. Ta dubi bokitinta ta ce, "Na gani."

Talata, 18 ga Nuwamba

Yau Delfina ta fara yi mini wayo. Kafin ta yi magana sai ta zagayo gabana, ta hagu. Na tsani yadda abin ke yi mini daɗi.

Na ce mata abin da ya faru ranar Asabar tsakaninmu ne. Na ce tsohuwa ba ta da abin da ya wuce ɗakinta, in an cire ni daga nan an cire ni daga duniya. Na roƙe ta. Ni Fosca, na roƙi matar da ba ta san inda ake ajiye shara ba.

Ta ce ba za ta faɗa ba, ba maganarta ba ce. Sai ta riƙe yatsana da ya yi baƙi tana dubawa. "Amma ranar Asabar zan tafi, Sinyora. Wa zai ƙirga miki?"

Na ce Allah.

Ta ce, "Shi ne ya aiko ni, kuma tikitina na Asabar ne."

Elide ta dawo da auduga a ido ɗaya. Ruwa ya tsallake nata allon shi ma, ya jiƙa mata kujeru. Na aika mata da miya. Ta dawo da kwanon a wanke, ba saƙo.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Na tambayi Nives wa zai sauka a sama bayan wannan. Ta ce babu kowa sai Kirsimeti. Wata guda cur, kuma shi ne watan ruwa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Gobe ranar Salute, ranar da gari ke zuwa gode wa Maryamu mai ba da lafiya. Tun jiya na jiƙa busasshen naman rago na miyar bikin, na tafasa na zubar da ruwan, na sake, yau na haɗa shi da kabeji. Gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Delfina ta ce kakanta har ya mutu yana zancen wannan miya, ita ta ɗauka ƙirƙira ya yi.

Ina yanka kabeji ina lissafi. In kwana a kujera kusa da taga. In bar allo a ƙofa in ce wa Nives gwiwa ce ta hana ni cirewa. In je in durƙusa wa Elide. Kowanne na bi, ƙarshensa ina ganin kaina a gado ina barci ruwa na hawa bene. Ba injin nake gani ba yanzu. Wutar ƙasa nake gani a kunne, da ni na sauko ba takalmi.

Tsoro nake ji. Na rubuta, ga shi nan.

Jumma'a, 21 ga Nuwamba

Mun tafi mu uku, ni da Nives da Delfina. An shimfiɗa gadar katako a kan jirage kamar kowace shekara, gari duka ya hau ta, tana numfashi a ƙarƙashin ƙafa. Hazo, sanyi, ƙamshin soyayyen fanke. Delfina ta bi dama, ba ta tsaya a tsakiya ba, ba ta ciro abin hoto ba sai da muka sauka. Wani ma hanya ya tambaye ta.

Muka sayi kyandir uku. A cikin cocin ba masaka tsinke. Muka miƙa aka kunna mana. Kowace shekara lafiyar Nives nake roƙo da ta jikokina. Yau na tsaya da baki a buɗe ban san me zan roƙa ba. Kunnen ba zai dawo ba, ni da Maryamu duk mun sani.

A kan gada muna dawowa Nives ta saƙalo hannuna na dama tana ta zuba, fuskarta na kallon gaba. Tana dariya, ina dariya. Ta ce wani abu ta juyo tana jiran amsa. Na ce i. Sai na ga dariyar ta ɗauke. Ban san me na amsa ba har yanzu.

Delfina ta yi gaba da gangan, ta bar mu.

Na tsaya. A tsakiyar gada, ranar Salute, mutane na turo ni ta baya. Na ce, "Dawo ta hagu, Nives. Wannan ya mutu. Wancan ma saura kaɗan."

Ta zagayo. Ta sa bakinta kusa. "Tun yaushe?"

"Bara."

"Watan jiya fa? Kasuwar?"

"Ina gida."

"Ranar Asabar?"

Na nuna mata bayan Delfina da haɓa.

Na shirya wa faɗa. Na shirya wa "na gaya miki." Sai ta kifa goshinta a kafaɗata tana kuka kamar ranar da na fara kai ta makaranta. Wani tsoho ya ce mana, "Bayin Allah, gada ce fa!" Wannan Nives ce ta faɗa mini daga baya. Muka matsa.

Mun ci miyar. Ba wanda ya ambaci Mestre, ni ma ban tambaya ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Delfina ta tafi. Na raka ta har tashar jirgi, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba. Ta ce wani abu jirgin na ja baya, nisa ya yi yawa ban ga bakinta ba. Na ɗaga hannu.

Talata, 25 ga Nuwamba

Mestre. Kwana uku ne kawai, saboda likitan kunne, gobe da safe za a auna. Kaya kala biyu na ɗauko. Nives ce ta ƙara rigar sanyi da maganin gwiwa na wata guda, na gani na yi kamar ban gani ba. Allon na ƙofa a ɗaure, wutar ƙasa a kashe. Mabuɗi na wurin Elide. Da na miƙa mata na faɗa mata dalili, ta ce, "Sai yau? Kin ɗauka don tsokana nake ɗaga miki yatsu?" Ta karɓa ta rufe ƙofa.

Ɗakin ƙarami ne, bangon ya bushe har yana ƙura. Ba wari, ba ƙamshi. Mutanen nan ba su san gaisuwa a lifta ba. Nives ta ce maganar gida sai an ga abin da na'urar da za a sa mini a kunne za ta iya. Na ce ba sai an gani ba, ranar Alhamis ina gidana.

An ce an yi jiniya a Venis yau da safe. Biyu. Ƙarfe tara da kwata na farka, rana har kan bargo. Rabona da irin wannan tun kafin watan jiya.

Ban ce wurin ya yi mini ba. Barci dai na yi.